Abin da Kundi Ya Ce

Ranar da Darakta ya ba ni jagorancin aikin, bai dubi fuskata ba, ƙafata ya duba. Kowa a kamfanin ya san ina da sikila, kuma ya san in ciwon ya motsa ta ƙugu yake fara kama ni.

"Za ki iya kuwa, Injiniya?" ya ce. "Ba na son a kai tsakiyar aiki a ce min kina gadon asibiti. Ga Dogo nan, in kin ga abin da nauyi."

Na ce, "Yallaɓai, da ƙwaƙwalwa ake aikin nan, ba da ƙugu ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce to, amma in sani, ranar da masu aikin suka ƙi karɓa, ranar kujerar za ta koma hannun Dogo, abokin aikina. Na ce na ji. Na fito jami'a da sakamakon da ya fi na duk mazan ajinmu, na shafe shekaru a kamfanin ina gyara kurakuran da wasu suka rubuta suka karɓi yabo. Ba mace da ta taɓa jagorantar aiki a wurin. Na ƙudurta a raina da hannuna zan miƙa wannan aikin, ko da rarrafe ne.

Manhaja ce ta ba da magani, wani babban asibiti ya ba mu kwangilarta. Tun kafin a ɗora ni, Darakta da mutanen asibitin sun riga sun rattaba hannu a kan kundin buƙatu. Kundi ne mai kauri, in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an ɗaure masa ita. An zana kowane shafi da zai fito a allon kwamfuta, an lissafa kowane gurbi da za a cike. Tsohon tsari ke nan: a rubuta komai tun farko, a sa hannu, a je a gina, a kawo, a gwada da abin da aka rubuta, a karɓa.

Sai dai Darakta ya je wani taron bita ya dawo da sabon addini. Ya sa aka kafa farin allo a bango, aka sayo 'yan takardu masu gam kala-kala, aka kwashe kujerun ɗakin taro.

"Daga yau mu 'yan ajayil ne," ya ce.

Ajayil ba baƙo ba ne a wurina, na karanta shi tun Darakta bai san da shi ba, kuma ina son sa. Ba ka jira ka gama komai. Ka gina kaɗan, bayan mako biyu ka kai wa wanda zai yi amfani da shi, ya taɓa, ya ce nan ya yi, nan bai yi ba, ka dawo ka gyara. Kowane mako biyun muna ce masa zango. Abu ɗaya na tambaya.

"Yallaɓai, su mutanen asibitin sun yarda da wannan? Na ga kundi suka sa wa hannu."

"Bar min wannan," ya ce. "Su kundi suke so, mu sauri muke so. Kowa zai samu nasa."

Tare da ajayil ɗin ne taron tsaye ya zo. Kowace safiya sai mu taru a gaban allo, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. An ce a yi shi a tsaye ne don kada a daɗe. Darakta ya ɗauki tsayuwar ya yar da dalilinta. Sai ya mayar da taron kotu, ya tsare mutum ɗaya da tambaya, ya dawo ya ba mu labarin taron bitarsa, shayin da ke hannun mutane ya huce. Shi yana jingine da teburi. Ni kuwa ƙuguna na dama yana ci kamar ana murza ƙusa a ciki. Ban taɓa jingina da bango ba, don na san idonsa na kaina.

Dogo kan sunkuyo ya raɗa min, "Shugaba, in mun mutu a tsaye ki sa a manna mana 'yar takarda a goshi: an kammala."

Dogo ba mugu ba ne. Hannunsa na da kyau a aiki, bakinsa ba ya hutawa, kuma bai taɓa nuna min yana jiran kujerata ba. Amma ni na san an ajiye shi a bayana kamar tayar ko-ta-kwana.

Da zangon farko ya cika, na ɗauki abin da muka gina, daidai yadda kundi ya ce, na kai tagar ba da magani. Ɗaki ne matsattse, kantoci har rufi, fanka ɗaya tana juya warin magani. A waje layi ya miƙe har ya karya kwana. Mata da goyo, tsofaffi zaune a ƙasa sun jingina da bango, kowa riƙe da 'yar takardar likita da ta jiƙe da gumi. Shugabar wurin mace ce mai jiki, gilashinta na rataye da igiya, kowa Anti yake ce mata.

Anti ta zauna gaban kwamfutar, ta sa gilashi, ta fara. Kafin manhajar ta yarda a fitar da magani sai an cike adireshin majiyyaci, da sana'arsa, da sunan makusancinsa, da lambar wayar makusancin, da lambar likita, da sashen da aka turo shi. Kowane majiyyaci, kowane zuwa, ko da jiya ma ya zo. Ta kai rabi ta cire gilashin.

"'Yar nan, wa ya rubuta wannan?"

"Daga ofishinku ne, Anti. Na sama."

"Na sama." Ta nuna tagar da haɓa. "Ya taɓa tsayawa a nan? Mutum na haki, ɗansa na suma a kafaɗarsa, ni kuma in ce masa mece ce sana'arka? Auren sa zan yi?"

'Yan matan da ke ƙirga ƙwayoyi suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na sha tsayawa a irin layin nan da kaina, na san yadda tagar take ƙara nisa in jiki na ciwo. Na ja kujera na ce ta nuna min yadda take so.

Daga nan aikin ya fara numfashi. Muka cire guraben nan, tunda duk bayanan suna nan a wurin masu ba da kati. Ya zama lambar kati kawai za a sa, sunan mutum da maganin da likita ya rubuta su fito, a danna, a miƙa. Kowane zango in koma, Anti ta karɓe ni da tsiya.

"Ga 'yar boko ta dawo. Yau kuma me kika lalata?"

Ita ta ce rubutun ya yi ƙanana, muka ƙara masa girma. Ita ta ce a sa jan launi in magani ya kusa ƙarewa a kanta. Wata rana muka gwada da mutane na gaske, layin safe ya watse tun rana ba ta yi tsaka ba, har Anti ta samu ta miƙe ƙafa ta sha ruwa. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "To, ashe karatun bai tafi a banza ba." Yabon da na samu daga gare ta ke nan, kuma ya ishe ni.

Duk canjin da muka yi a taron tsaye nake faɗa. Darakta ya tafa hannu ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne ajayil!" Na ce masa ya kamata a sanar da ofishin kwangila na asibitin a rubuce, a gyara kundin. Ya ce zai yi musu magana. Na sake tunawa, ya ce ya kusa. Da na matsa, sai ya ɗaga murya a gaban kowa.

"Takarda, takarda! Injiniya, ke yarinya ce amma kanki na tsofaffi ne. Masu amfani da abu sun ce ya yi, me kuma kike nema?"

Ni ba ni da hurumin rubuta wa ofishin kwangila, shi kaɗai ke da shi. Na ci gaba da aiki.

A gida Mama ba ta san ajayil ba, ta dai san yadda nake shigowa. Wata Asabar da hantsi ina kwance a falo, ta kawo robar ruwan zafi ta ɗora min a ƙugu, ta zauna a gefen kujera tana matsa min ƙafa.

"Auta, wai ku wurin naku ba kujeru ne? Kamfani guda a rasa abin zama?"

"Akwai, Mama. Tsari ne."

"Tsarin banza. Ko shanu in sun yi kiwo ana barin su su kwanta. Ki ce musu ba ki da lafiya mana."

"Ranar da na faɗa, ranar za su ce dama mun sani."

Ta ci gaba da matsawa. Can ta ce, "Taurin kan nan na ubanki ne, Allah ya jiƙansa. Shi ma haka ya yi ta yi har ya faɗi." Ta gyara robar. "Juya in ga ɗaya gefen."

Ranar karɓar aiki aka kai mu wani ɗaki a saman bene, mai sanyin na'ura da dogon teburi. Wanda zai karɓa jami'in ofishin kwangila ne, siriri mai tsabta, da jan biro a aljihun gaba. Tun ranar Dogo ya raɗa masa suna Jan Biro. Ya buɗe kundin a gabansa, ya daidaita shi da gefen teburi, ya ce in fara.

Na sa lambar kati, suna ya fito, magani ya fito, na danna. Na jingina ina jiran ya ɗago.

Bai ɗago ba. Yatsansa na kan shafi.

"Malama, ina gurbin sana'a?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba, sannan ya ja layi da jan biron.

"Ina gurbin makusanci?"

Haka muka yi ta yi. Shafi bayan shafi, ja bayan ja. Jan launin da Anti ta nema ma ya ce ba ya cikin kundi. Na roƙa aka kira Anti. Ta hau benen tana haki, ta ce masa ita ke aiki da abin, kuma tunda take ba ta taɓa ganin layi ya tafi haka ba.

"Anti, ban musa ba," ya ce a hankali. "Amma ba ke kika sa hannu ba." Ya juyo gare ni. "Malama, ki fahimce ni. Ni ma akwai masu bincike a kaina. Gobe za su zo da kundin nan su ce me ka karɓa. In na ce abin da ya fi kyau, za su ce wa ya ba ka izinin sanin abin da ya fi kyau. In kuna son canji, a rubuto, kwamiti ya zauna, ya amince, a gyara kundi. Da kun rubuto tun farko, da wataƙila yanzu an wuce wurin."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Bai daɗe da tashi ba. Sai an sake kira."

Ya rufe kundin. Ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu kawo abin da aka rubuta, in ba haka ba kwangila ta warware. Duk wannan Darakta na zaune a gefena yana latsa waya kamar an gayyato shi kallo.

Washegari a taron tsaye ya samu bakinsa.

"Wa ya ce ki canza abin da aka sa wa hannu?"

Na ce, "Yallaɓai, a nan wurin na faɗi kowane canji. A nan ka tafa."

"Na tafa wa ƙoƙari. Ban ce a yi watsi da yarjejeniya ba. Jagora shi ya kamata ya san iyaka."

"Na nemi a rubuta musu."

"Kin nema." Ya dubi sauran. "Kun ji, ta nema."

Ba wanda ya ɗago kai. Mutanen da suka ji ya tafa da kunnensu duk suka koma karanta 'yan takardun allo. Ya ce zaɓi biyu ne: ko in mayar da komai yadda kundi ya ce kafin ƙarshen wata, ko in miƙa wa Dogo yau ɗin nan.

Da aka watse Dogo ya biyo ni wurin tulun ruwa. Wannan karon ba wasa a bakinsa.

"Shugaba, bar min. Ni zan ɓata shi, ba sai hannunki ya taɓa ba. Ki ce ciwo ne ya tashi, ki je ki huta. Wallahi ba kujerar nake so ba."

"Na sani."

"To?"

"In na ce ciwo ne, Dogo, shi ke nan labarin. Ba wanda zai tuna kundi, ba wanda zai tuna tafi. Za a ce an ba mai sikila aiki ta kwanta. Duk macen da ta zo bayana da shi za a auna ta."

"Amma ke kika gina shi. Kin san abin da zai faru a tagar nan."

"Na sani. Shi ya sa ba zan ce wani ne ba."

Na koma teburina na buɗe kundin a shafin farko. Abin da muka gina da Anti na kwafe shi na adana a ma'ajiyar kamfani, na sa masa suna a fili don kada wani ya ce ya ɓace. Sannan na fara mayar da guraben ɗaya bayan ɗaya. Adireshi. Sana'a. Makusanci. Na sa kowanne ya zama dole, yadda in ba a cike ba manhajar ba za ta motsa ba, don haka aka rubuta. Na rage girman rubutu. Na cire jan launi. Ban yi aikin da ha'inci ba, ban bar wata ɓoyayyar ƙofa ba. Mummunan abu ne, amma ko kuskure ɗaya ba za a samu a cikinsa ba. Yaran da ke ƙarƙashina suka daina hira in na shigo. Ciwon ya tashi a tsakiyar makon, na haɗiye ƙwayoyina a banɗaki, na wanke fuska, na dawo.

Na kuma rubuta takardar neman canji, dalla-dalla, irin wadda Jan Biro ba zai samu inda zai ja wa layi ba. Na kai wa Darakta na tsaya a kansa. Ya ce in ajiye zai duba. Na ce zan jira. Ya ɗaga waya, ya ajiye, ya buɗe wata takarda, ya rufe, ina tsaye. Da ya ga ba inda za ni, ya fizgi biro ya sa hannu. Da ƙafata na kai ta asibitin, na karɓi shaidar an karɓa.

Ƙarshen wata muka koma ɗakin saman bene. Jan Biro ya bi shafukan, bai cire murfin biron ba har muka gama. Ya sa hannu, ya ce, "Aiki ya yi, Malama." Darakta ya dafa kafaɗar Dogo, ya ce wa jami'in kamfaninsa ba ya wasa da yarjejeniya. A mota ya ce min kashi na biyu na aikin ma ni zan ja, tunda na nuna ina jin magana. Na ce na gode. Kujerar ta zama tawa.

Ranar da aka fara amfani da manhajar, wayata ta yi ƙara tun ban isa ofis ba. Anti ce. Ba ta gaishe ni ba. Ta dai bar wayar a buɗe, na ji hayaniyar da ke bayanta: kukan yara, ana buga taga, wani na rantsuwa. Sai ta kashe.

Na ce wa mai motar haya ya juya.

Layin ya wuce kwana, ya fita har farfajiya, cikin rana. Na ratsa ta gefe ina ba da haƙuri. A bakin tagar wani dattijo mai sanda yana ta faɗa, wai tun safe ake tambayarsa lambar wayar ɗansa, shi kuwa bai haddace ba.

"Wane marar imani ne ya kawo mana wannan abin?" ya ce.

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. Ina jin ya shirya wa ƙaton namiji ne. Sannan ya ce, "To Allah ya isa, 'yata," ya juya.

Na shiga ciki. Anti ba ta dube ni ba, gumi ya jiƙa mata wuyan riga, tana neman haruffa da yatsa ɗaya. Akwai kwamfuta ta biyu a ƙarshen kanta da ba mai amfani da ita. Na ajiye jakata, na kunna, na ce wa ɗaya daga cikin 'yan matan ta buɗe ƙaramar tagar gefe. Ni zan riƙa cike guraben, su su ba da magani. Hannuna ya fi na kowa sauri a ɗakin, kuma na san kowane gurbi tun bai fito ba.

Mun daɗe muna aiki a haka. Layin bai ragu ba, ya dai daina ƙaruwa. Can Anti ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yaushe kwamitin naku zai zauna?"

"Ban sani ba, Anti. Na kai takarda."

"Kin kai takarda." Ta miƙa wa wani ƙullin magani. "To gobe ma ki zo."

"Zan zo."

Wata mata ta matso tagata, yaro a kafaɗa, kansa ya langaɓe, leɓɓansa sun bushe. Ta turo katin da takardar likita tare, idonta a kan kantocin da ke bayana. Na karɓa na sa lambar.

"Yi haƙuri, Yaya," na ce. "Mece ce sana'arki?"